Baturiyar da ke ɗaukar nauyin 'yar yayana ta aiko wasiƙar sallama, ina neman shawara

Baffan Ummi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka, ya aikin gona. Don Allah shawara nake nema kuma ina so wanda ya san harkar nan ya yi min bayani tsakani da Allah.

Ni mutumin wani ƙauye ne a yankin Ringim. Yayana ya rasu ya bar 'ya'ya uku, babbar ita ce Ummi, a hannuna ta tashi tare da nawa. Tun tana aji biyu na firamare wata ƙungiya ta shigo garinmu, suka zauna da mai gari da liman da hedimasta, aka rubuta sunayen yara aka ɗau hotunansu, aka ce kowane yaro za a haɗa shi da wani mutum a ƙasar waje da zai riƙa ba da wani abu duk wata. Tun farko sun gaya mana kuɗin ba hannunmu zai zo ba, aikin gari za a yi da shi, kuma gsky an yi, an gyara azuzuwan da iska ta kwashe wa rufi, an yi mana famfon tuƙa-tuƙa, an yi wa 'yan mata banɗaki a makaranta. Wannan ba shi ne damuwata ba.

Ita Ummi da wata mata 'yar Italiya aka haɗa ta, nas ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Yawancin yaran garin nan in an kawo saƙo kati ne guda mai hoton fure ko wani gini, wasu ma tunda aka rubuta sunansu ko layi ɗaya ba su taɓa samu ba, amma matar nan wlh ba ta fashi, kuma ba ta mantuwa, abin da ya fi ba ni mamaki kenan. In Ummi ta rubuta mata cewa akuyarta ta haifi biyu, to wasiƙar da za ta biyo baya komai daɗewarta sai ta tambayi 'yan akuyar, sun rayu? an sayar ne? Shekarar ambaliya, 2022, da ruwa ya ci mana gero ya kwantar da katangar gida, doguwar wasiƙa ta rubuto tana tambayar ina muke kwana, ruwan da muke sha daga ina yake, ta ce don Allah a riƙa tafasawa saboda amai da gudawa. Ita ce ta tambayi yarinyar nan me take so ta zama, Ummi ta ce irin aikinki, tun daga ranar ta ɗora ranta a kan aikin ungozoma, yanzu haka ta gama sakandare tana jiran sakamakon NECO, burinta makarantar jinya ta Birnin Kudu. Kaka take ce mata. Wasiƙun duk suna ƙulle a leda a ƙasan akwatin uwarta, har da hoton matar tana tsaye a ƙofar gidanta cikin dusar ƙanƙara da kyanwa a hannu.

Toh satin da ya wuce jami'in ƙungiyar ya zo ya ce aikinsu a yankinmu ya ƙare za su koma wani wuri, ya kawo wasiƙar sallama. A ciki matar ta ce idonta ya yi rauni, wannan ɗin ma maƙwabciyarta ce ta rubuta ita tana faɗa, kuma za ta bar gidanta ta koma gidan kula da tsofaffi. Maganar gidan tsofaffin nan ita ta karya wa yarinyar zuciya. Ba kuɗi take wa kuka ba don ko kwabon matar ba ta taɓa riƙewa ba, cewa take wa zai ba ta abinci, wa zai wanke mata kaya, matar da ta ƙare rayuwarta tana jinyar mutane yau ba ta da ko jika ɗaya da zai miƙo mata ruwa. Abinci ma sai uwarta ta tsaya a kanta take ci.

Yanzu ta matsa min in nemo matar a Facebook, shi kuma jami'in ya ce dokarsu ta hana ya ba mu adireshi ko lambar waya. A majalisa wasu na cewa in nemo ta kawai ta biya wa yarinya kuɗin makaranta, wasu kuma na cewa babu wata tsohuwa, ma'aikata ne ke zama a ofis suna rubutawa. Uwar kuma tambayarta daban, wai ya halatta Ummi ta riƙa sa ta a addu'a tunda ba musulma ba ce? Ni dai kaina ya ɗaure. Shin shaƙuwar nan ta gaske ce ko yarinya ce kawai ta ɗora ranta a kan takarda? Kuma me zan yi?

Ɗan Gujungu

Wslm. Baffa Allah ya ji ƙan yayanka, ya ba ka ladan riƙon marayu. Ni dai gsky zan faɗi ra'ayina ko ba zai yi daɗi ba. Zumunci a ƙafa yake, shekara da shekaru matar nan ta taɓa tako garinku? ta taɓa jin muryar yarinyar? Ni abin da ke ƙona min rai shi ne hotunan yaranmu, a tsayar da yaro a jikin katangar ƙasa a ɗauke shi a kai Turai a baza a intanet mutum ya zo ya zaɓi wanda ya yi masa, da hoton nan ake tara kuɗin fa, kuma waye a garinku ya san nawa aka tara da sunan Ummi? ba wanda ya sani, ku an yi muku famfo su kuma suna yawo a manyan motoci. Kuma mutanen yankin nan muna da dalilin taka tsantsan, ba mu manta 1996 ba lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 200 aka sa a gwajin 11 suka rasu, sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano. Ban ce ƙungiyar da ta zo muku haka take ba, amma duk wanda ya zo da fom da kyamara yana neman yara dole a tambaye shi.

Shawarata ka sa wani yaro da ya iya waya ya binciko sunanta. In ta gaske ce ka gaya mata halin da ake ciki ta turo kuɗin makarantar kai tsaye ba ɗan tsakiya, in kuma babu ita kun huta, yarinya ta share hawayenta.

Maman Sadiq

Salamu alaikum. Baffan Ummi sannu da ƙoƙari, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Ɗan Gujungu ɗan uwana akwai gaskiya a maganarka amma shawararka ta ƙarshe ina roƙon Baffa kar ya bi ta. Ni malamar firamare ce a wajen Kazaure kuma na yi aikin sa kai da irin ƙungiyoyin nan, ni ce mai zama da yara su rubuta wasiƙa in juya ta zuwa Turanci, to bari in faɗi abin da na sani.

Tsarin nan ba don Afirka aka ƙirƙiro shi ba, da yaran Turawa ma aka fara. Ƙungiyar Plan a 1937 aka kafa ta saboda yaran da yaƙin basasar Sifaniya ya raba da iyayensu, wani ɗan jarida na Ingila John Langdon-Davies yana cikin waɗanda suka fara ta, tunaninsa shi ne mutum ya fi jin tausayin yaro ɗaya da ya san sunansa a kan a ce masa yara dubu suna cikin wahala. World Vision da Compassion kuma da marayun yaƙin Koriya suka fara, ActionAid a 1972 ta fara da yara 88 a Indiya da Kenya. Da can kuɗin kan yaron yake tafiya kai tsaye, sai aka ga yana haddasa hassada, a gida ɗaya wannan yana da takalmi da jaka ƙaninsa ba shi da, shi ya sa da yawansu suka koma haɗa kuɗin wuri ɗaya a yi wa gari aiki, yaron ya zama wakilin garinsu a wajen mai bayarwa. Irin wannan ce ta zo muku, kuma su masu bayarwar an gaya musu haka tun farko.

Ita wasiƙa ga yadda take tafiya. Yarinya ta rubuta da Hausa, irinmu mu juya ta Turanci, ta je ofishin jiha, ta wuce babban ofis, a tura ƙasar matar, can ma wani ya sake juya ta zuwa Italiyanci, amsa kuma ta biyo hanyar nan ta dawo, shi ya sa kuke ganin watanni. A hanya ana karantawa, in akwai lambar waya ko adireshi ko roƙon kuɗi a cire.

Maganar cewa ma'aikata ke rubutawa, ba zan ɓoye ba akwai sakaci a harkar. Na ga inda ake rubuta wasiƙa ɗaya a allo aji guda su kwafa, ina gaishe ki, ina zuwa makaranta, na gode, kowa iri ɗaya, kuma raina bai taɓa son haka ba. A 1998 ma jaridar Chicago Tribune ta Amurka ta buga rahoton yadda ta sa 'yan jaridarta suka ɗau nauyin yara da kansu sannan suka bi sawu har ƙasashen, suka tarar wasu yaran sun rasu ba a sanar da masu biya ba, akwai wata yarinya a Mali a ciki. To kun ga masu shakka ba daga sama suka samo ta ba. Amma Baffa wasiƙar ƙarya ana gane ta, ba ta da komai a ciki sai gaisuwa. Ma'aikacin da ke da ɗaruruwan yara a kansa ga rahoto na jiransa ba shi da lokacin da zai tuna akuyar Ummi biyu ta haifa balle ya tambayi lafiyarsu, kuma ba zai ƙirƙiro ciwon ido da gidan tsofaffi ba don wannan ba ya kawo wa ƙungiya ko sisi. Matar nan tana nan, kuma ajiye wasiƙun Ummi take tana dubawa kafin ta ba da amsa.

Abin da na lura da shi a wajen yaran, ba kati ko sitika ce ke shiga ransu ba, tambayar ce. Mu a ƙauye muna son 'ya'yanmu, muna ciyarwa muna tufatarwa muna kwana a kansu in ba su da lafiya, amma babba ya zauna da 'ya mace ya ce ke me kike so, me ya ba ki dariya a satin nan, kunya da kara ba su cika barinmu ba, balle 'yar fari da uwa ko sunanta ba ta faɗa. Sai ga wata babba daga nesa tana tambaya kuma tana jiran amsa. Na ga yarinyar da ba ta ɗaga kai a aji amma ranar wasiƙa sai ta cika shafi biyu ta ce Malama ƙaro min takarda.

Hana adireshi kuma don kare yara ne, don akwai mugayen mutane da ke bin irin wannan hanya su kai ga yara, shi ya sa ko ziyara mai ɗaukar nauyi zai kawo sai an bincike shi kuma ma'aikaci na tare da su har ya tafi. Sannan yana kare ita matar. Na san wani gida da suka samo lambar mutumin da ke rubuto wa ɗansu, aka fara da kuɗin magani, aka koma babur, aka koma kayan ɗaki na yayarsa, mutumin ya tsorata ya janye gaba ɗaya, yaron da bai roƙi komai ba shi ya yi asara, har ya gama firamare yana tambayata ko saƙonsa ya zo. Tsohuwar da ba ta gani sosai in baƙon namiji ya faɗo mata a Facebook da maganar kuɗi, na kusa da ita za su ce 'yan damfara ne su toshe, kuma abin da za ta tafi da shi a ranta kenan game da gidanku.

Abin yi shi ne Ummi ta rubuta amsar sallamar tun ofis bai rufe ba, wannan haƙƙinta ne. Sannan kai ka rubuta takarda daban ka roƙi ofis su tambayi matar ko ta yarda a ci gaba da zumunci tunda yarinya ta girma, wasu ƙungiyoyin suna yarda in ɓangarorin biyu sun sa hannu, wasu ba sa yarda. In sun ƙi ku yi haƙuri.

Abu Hafsa

Wa alaikumus salam. Zan taɓa tambayar mahaifiyar ne kawai. Baffa ka gaya mata ta kwantar da hankalinta, babu laifi Ummi ta roƙa wa matar nan lafiya da sauƙi da shiriya matuƙar tana raye. Allah ya ce a Suratul Mumtahana aya ta 8 bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba, to ina ga wadda ita ce ma ta fara kyautatawar. Annabi SAW ya je duba yaron Bayahude da ke masa hidima da ya kwanta ciwo, yana cikin Bukhari. Kuma ku tuna Muɗ'im bin Adiyy, mushriki ne har ya mutu, amma shi ya ba Annabi SAW kariya ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, ranar da aka kama fursunonin Badar sai Annabi SAW ya ce da Muɗ'im yana raye ya yi masa magana a kansu da ya sake masa su. Shekaru sun wuce mutumin ma ya mutu amma ba a manta alherinsa ba. Kuma hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Saboda haka kukan yarinyar nan alama ce ta tarbiyya, kar a yi mata faɗa, kar kuma a riƙa ce mata ai kafira ce me ya dame ki.

Kiran ta Kaka ma ba komai, girmamawa ce kamar yadda muke ce wa kowace tsohuwa. Abin da shari'a ta hana shi ne a canza wa yaro nasaba a jingina shi ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda ya zo a Suratul Ahzab aya ta 5, nan kuma ba wanda ya taɓa sunan mahaifinta. Abin da ya kamata iyaye su sa wa ido tun farko shi ne me ake rubuto wa yaro, don wasu ƙungiyoyin na coci ne kuma ba sa ɓoyewa, sai uba ya karanta ya san da wa ɗansa ke magana. Kai kuma ka ce wasiƙun suna gidanka ka san abin da ke ciki.

Sannan Baffa kar ka raina naka matsayin, kai ne mai riƙon maraya da Annabi SAW ya ce shi da shi kamar haka suke a Aljanna ya haɗa yatsunsa biyu. Allah ya tabbatar maka.

Bakano a Ingila

Slm jama'a. Ni ɗan wajen Dambatta ne amma yanzu ina Ingila kuma aikin da nake yi kenan, kula da tsofaffi, shi ya sa da na karanta na kasa wucewa. Baffa don Allah ka karanta wa Ummi wannan. Gidan tsofaffi ba wai an yar da mutum ba ne, kowa da ɗakinsa da gadonsa, akwai masu dafa abinci akwai masu wanki, ana yi musu wanka ana ba su magani a kan lokaci, dare da rana akwai ma'aikaci a kusa in ta danna ƙararrawa za a zo. Ta wannan ɓangaren kar ta damu, ba za ta kwana da yunwa ba. Abin da ke cin su shi ne kewa, wannan kam gaskiya ne ba zan rufe ba, akwai wanda sai a yi wata ba wanda ya leƙo shi.

Kuma in ba ku labarin abin da ya sa na yarda da irin shaƙuwar nan. Mutum in zai shigo gidan kayan da zai iya zuwa da su kaɗan ne, gida guda ne zai koma ɗaki ɗaya, to abin da ya zaɓo shi ne abin da ke ransa. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, a kan durowarta ga hoton mijinta ga na 'yarta ga kuma na wani yaro baƙi da yunifom yana riƙe da ƙwallo, na ce mata wannan fa, ta ce yaronta ne na Uganda, yanzu ya zama magidanci. Mantuwa ta fara kama ta har wani lokaci ba ta gane ko safiya ce ko yamma amma sunan yaron nan ba ta kuskure shi, kuma in hankalinta ya tashi da daddare wasiƙunsa nake ɗaukowa in karanta mata, labarin ruwan sama ne da masara da jarrabawa ba wani abu ba, sai ka ga ta lafa. To ina kyautata zaton hoton Ummi yana cikin kayan da matarku ta ɗaure.

Ɗan Gujungu ka ce ba ta taɓa zuwa ba, ɗan uwa yawancin masu yin abin nan ba masu kuɗi ba ne, 'yan fansho ne da malaman makaranta da direbobi, tafiya Najeriya ba ƙaramin abu ba ne a wajensu. Kuma ba Turawa kaɗai ke yi ba, Islamic Relief da aka kafa a Birmingham a 1984 tana da tsarin ɗaukar nauyin marayu, haka marigayi Dakta Abdurrahman As-Sumaiɗ na Kuwait da ya rasu a 2013 ya ƙare rayuwarsa a kan marayun Afirka. Ni kaina ina da maraya da nake biya wa duk wata ta hannun wata ƙungiyar musulmi, ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma in rahotonsa ya zo da sabon hoto sai in ɗauko na bara in jera in ga ya ƙara tsawo, 'ya'yana suna tambayata shi aji nawa yake yanzu, ranar da aka rubuto ya yi zazzaɓi wlh ban ji daɗin aiki ba. Abin da nake bayarwa bai taka kara ya karya ba, amma yaron ya shiga raina.

Ɗalibar Dutse

Salam, ni tattalin arziki nake karanta a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ina so in ƙara kan maganar Maman Sadiq. An taɓa yin bincike a kan abin nan, wani masani Bruce Wydick da abokan aikinsa suka fitar a 2013, sun bi bayanan mutum sama da 10,000 a ƙasashe shida, Bolibiya, Gwatemala, Indiya, Kenya, Filifin da Uganda, suka kwatanta waɗanda aka ɗau nauyinsu suna yara da 'yan uwansu da ba a ɗauka ba. Sun samu waɗanda aka ɗauka sun fi daɗewa a makaranta da shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma sun fi samun aikin albashi. Tsarin Compassion suka duba, wanda ake kashe kuɗin a kan yaron kansa, ba irin na garin su Baffa ba, kuma babu Najeriya a ciki. Amma abin da ya ja hankalina shi ne sun danganta wani ɓangare na nasarar da yadda burin yaran ke ɗaguwa, yaro ya fara ganin zai iya zama wani abu. Ummi da ungozoma kenan.

Maganar hoto kuma Yaya Ɗan Gujungu ba kai kaɗai ta dama ba, a 2019 World Vision ta fito da wani tsari da aka juya abin, hotunan manyan ake jerawa yaro ya zo ya zaɓi wanda yake so.

Baffan Ummi

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Malam Abu Hafsa na isar wa uwar da saƙonka ta ce a yi maka godiya. Ɗan uwa na Ingila na karanta wa Ummi naka, da ta ji akwai masu wanki da mai ba da magani ta ɗan sake, amma maganar kewar nan ta tsaya mata, ta ce to in ta samu makaranta wa zai gaya wa Kaka. Na bar maganar Facebook. Na je ofishin ranar kasuwa, sun ce za su karɓi wasiƙa har ƙarshen wata, takardar roƙon ma sun karɓa amma sun ce ba su yi alkawari ba sai abin da babban ofis ya ce. Kuɗin makaranta kuma nawa ne, in Allah ya kai mu kaka riɗi ya yi kyau zan san yadda zan yi, ba zan ɗora wa tsohuwar mutane ba.

Maman Sadiq tambaya ɗaya, yarinyar tana so ta haɗa mata da tsaraba, ta ce dabino da kantu da wani faifai da ta saƙa da kanta, za su karɓa?

Maman Sadiq

Baffa abin ci ba za su karɓa ba, dabino da kantu a bar su, faifan ma ba zai shiga ambulan ba. Abin da ke wucewa shi ne mai faɗi marar nauyi, takarda, hoto, zane. Ta ɗauki hoto tana riƙe da faifan, ko ta ɗora tafin hannunta a takarda ta zagaye da biro ta yi masa zanen lalle, suna son wannan sosai. Ta yi rubutu manya manya, ka kuma roƙi mai fassara ya rubuta a sama cewa a karanta mata da baki tunda ba ta gani. Kar ta cika wasiƙar da kuka, ta ba ta labari, sunan makarantar da take nema, yadda gero ya yi bana, jikokin akuyar nan. In sakamakon NECO ya fito kafin su rufe a yi hoto a haɗa. Sannan ka kwafi lambar da ke saman wasiƙun, ita ce lambar Ummi a wajensu, duk ranar da za ka bibiyi takardarka da ita za su nemo fayil ɗin. In ta samu gurbi kuma ka leƙa hukumar ba da tallafin karatu ta jiha a Dutse ka ji yadda ake cike fom.

Ɗan Gujungu

Toh na ji, maganar kuɗi na janye tunda masu abin sun yi bayani. Amma Baffa kafin mutanen nan su kwashe kayansu ku tara su gaban mai gari su karanta muku abin da aka kashe a garinku dalla dalla, haƙƙinku ne tunda da hotunan 'ya'yanku aka samo. Kuma ku sa su koya wa matasa biyu gyaran famfon nan su bar muku lambar mai sayar da kayansa, don garuruwa nawa ne a nan wajenmu famfo ya lalace bayan tafiyar masu shi mata suka koma rijiya.